Yadda tudu da kwari ke raba wa tsirrai ruwa a ƙasashen fari

Idan aka ce arewacin Jigawa, wajen Maigatari ko Birniwa, yana samun ruwan sama milimita 500 zuwa 600 a shekara, an faɗi abin da ya sauko daga sama ne kawai, ba a faɗi abin da ya isa ga saiwar gero ko ta gawo ba. Tsakanin saukar ruwa da shigarsa saiwa akwai wani rabo da ƙasa kanta take yi: wani ya nutse inda ya faɗi, wani ya gangara ya bar wurin, wani kuma ya kwanta a sama har rana ta ɗauke shi. Saboda haka a ƙauye guda, a damina guda, ana iya samun fakon da bai riƙe ko rabin abin da aka zuba masa ba, ga kuma kwarin da ke ƙasa da shi wanda ya sha ninki biyu ko uku na abin da ma'aunin ruwa ya nuna. Kowane manomi ya san haka a gonarsa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne cewa wannan rashin daidaito, wanda ido ke ɗauka aibi, yana cikin manyan dalilan da suka sa ƙasashen fari ke fitar da tsiro fiye da yadda ɗan ruwansu zai sa a yi tsammani, kuma hujjar da ta fi fitowa fili tana cikin duwatsun Sahara, inda ruwan bai kama ƙafar namu ba.

Tushen maganar lissafi ne mai sauƙi. Kowane tsiro yana da gwargwadon ruwan da in bai same shi ba, ba zai kai ga ba da komai ba. Geron da ya samu rabin buƙatarsa ba rabin dami yake bayarwa ba, galibi kara kawai ake tsinta. A wurin da ake samun milimita 100 a shekara, in ruwan ya bazu daidai wa daida a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ko'ina zai ɗan jiƙa, ko'ina kuma zai bushe kafin wani abu ya kafa saiwa. In kuwa kashi huɗu cikin biyar na filin dutse ne ko fako da ke tunkuɗa ruwansa zuwa ga ragowar kashi ɗayan, to ko da rabin abin da ya gangaro ne kawai ya iso, wannan kashi ɗaya zai samu abin da ya kai milimita 300, wanda ya isa ciyawa ta nuna, ƙaya ta rayu. Dutsen bai ƙara ɗigo ko ɗaya ba, tattarawa kawai ya yi, kamar yadda rufin kwano ke cika randa ta indararo da ruwan da bai ko jiƙa tsakar gida sosai ba. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne, don haka falalen dutse mai faɗin hekta guda, irin waɗanda ke kewayen Dutse da Birnin Kudu, yana karɓar lita miliyan 6 a daminar milimita 600, kuma mafi yawansa gindin dutsen yake nufa. Masanin tsirran hamada Imanuel Noy-Meir ya jaddada tun 1973 cewa a irin waɗannan ƙasashe ruwa ne ke mulkin komai, kuma yana zuwa ne a tsittsinke, ba a san ranarsa ba, ba a san inda zai faɗa ba. Abin da ya biyo bayan wannan magana shi ne duk wani abu da ke sake raba ruwan bayan saukarsa yana da hannu a yawan tsiro kamar yadda hadarin kansa yake da shi.

A Azbin, arewacin Nijar, ana ganin haka ƙarara. Agadas ba ta cika samun sama da milimita 150 a shekara ba, gabas da ita kuwa hamadar Tenere ce, inda shekara kan wuce ba a ga ɗigo ba. Duk da haka a cikin duwatsun Azbin akwai garuruwa irin su Timiya da Iferwan da ke da lambunan dabino, alkama, lemo da rumman, a kan tudun Bagzan ana noma dankalin Turawa da tafarnuwa, albasar yankin kuma tana kaiwa har kasuwannin bakin teku. Ruwan da ake ban ruwa da shi ba daga wata ƙasa ya zo ba. Ɗan abin da ya sauka a kan dubban hektoci na tsuran dutse ne yake haɗuwa a koramu, ya yi gudu na 'yan sa'o'i ko 'yan kwanaki, sannan ya nutse cikin yashin koramar, inda rana ba ta kai masa, mai lambu ya haƙa rijiya gajeriya ya jawo shi da raƙumi ko sa, ko kuma da inji a yanzu. Koramar Telwa, wadda Agadas ta daɗe tana dogara da ruwan da take ajiyewa a ƙarƙashin ƙasa, haka take aiki. Wanda ya bi waɗannan koramu zai ga goruba da bagaruwa da aduwa sun yi layi a bakinsu, taku kaɗan daga nan kuma babu komai sai baƙin dutse. Da za a ce Azbin ta baje ta zama fili ɗaya da wannan adadin ruwa, da babu lambu ko ɗaya.

Tsawo ma yana da nasa aikin. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6, wanda ke nufin ƙarancin ruwan da rana ke zuƙewa daga ƙasa da ganye. Iska mai laima kuma in ta ci karo da tsauni dole ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko. A Hogar da ke kudancin Aljeriya, garin Tamanraset yana samun wajen milimita 50 a shekara, amma tudun Asekrem da ke sama da shi, mai tsawon kusan mita 2,700, yana samun fiye da 100. Ƙololuwar Bagzan ta kai mita 2,022, Emi Kusi a Tibesti ta ƙasar Cadi ya haura 3,400, kuma a kan irin waɗannan tsaunuka ne aka samu tsirran da suka saura daga zamanin da Sahara take da ni'ima: zaitun na daji a Hogar da Azbin, da wasu tsofaffin itatuwa dangin na bakin Bahar Rum a tudun Tasili na Aljeriya, waɗanda adadinsu bai kai 250 ba, wasunsu kuma sun haura shekara 2,000. Sai dai a nan akwai bambancin da ake yawan cakuɗawa. Yawan ire-iren tsiro abu ne daban, yawan abin da ƙasa ke fitarwa na ganye da itace da hatsi shi ma abu ne daban. Kan tsauni yana iya ɓoye nau'o'in da babu su a ko'ina, amma ƙasarsa ba ta da kauri, sanyin hunturu yana kai ruwa ga daskarewa, gangara kuma ba ta barin laima ta zauna. Abincin mutum da na dabba a can ƙasa yake, a koramu da bakin kwazazzabai inda abin da tsaunin ya zubar yake taruwa.

Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka suna ba da muhimmanci ƙwarai ga fuskar da gangara ta kalla, domin a can ɓangaren da ke kallon kudu yana shan rana duk shekara, na arewa kuma yana cikin inuwa da laima. Wannan gaskiya ne a Hogar, amma bai kamata a ɗauko shi yadda yake a ɗora wa duwatsun Kazaure ko Rano ba. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, wato kusan duk lokacin da yabanya ke girma, rana tsaka tana bisa kai ne, har ta ɗan karkata arewa. A wurinmu iska ta fi rana rarrabe fuskokin tudu: hadari daga gabas yake tasowa da guguwarsa, iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka ɓangaren da ke fuskantar su shi ya fi shan duka da bushewa.

Bayan tudu da gangara sai irin ƙasar, kuma a nan ne al'amarin ya saɓa wa abin da aka saba ji. A ƙasashen da ruwa ya wadata, laka ta fi yashi albarka, domin ta fi riƙe ruwa da taki. A ƙasar fari abin yana iya juyawa. Masanin tsirrai ɗan Jamus Heinrich Walter ya ba da misalin da har yau ake koyarwa da shi: ruwan milimita 50 in ya sauka a busasshiyar laka zai jiƙa ta zuwa zurfin santimita 10 ne kawai, a yashi zai kai santimita 50, a ƙasa mai duwatsu da tsaguwa kuma zai iya kai mita guda. In rana ta busar da santimita 5 na sama, laka ta yi asarar rabin ruwanta ke nan, yashi ya rasa kashi ɗaya cikin goma, mai duwatsu kuma abin da ta rasa bai taka kara ya karya ba. Raunin yashi wajen riƙe ruwa shi ne ke tura ruwan can ƙasa inda zafi ba ya kaiwa, busasshen saman kuma ya zame masa murfi. Wani bincike da aka buga a 1988 kan filayen ciyawa na tsakiyar Amurka ya gano cewa ƙasa da milimita 370 a shekara yashi ya fi laka fitar da ciyawa, sama da haka kuma laka ke gaba. Ba lallai wannan adadi ya yi daidai da namu ba, tun da zafinmu ya fi nasu, amma ma'anar ta tsaya: babu ƙasar da ta fi wata a kowane hali, yawan ruwan shekarar ne ke zaɓar wadda za ta yi nasara.

Arewacin Kano da mafi yawan Jigawa suna zaune ne a kan tsofaffin tulin rairayi da iska ta jera tun dubban shekaru, lokacin da hamada ta sauko kudu fiye da inda take yau, kafin ruwa ya dawo ciyawa ta ɗaure su. Jigayin sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, tsakaninsu kuma kwaruruka ne masu laka. Wannan ne ya sa mai tafiya daga Gumel zuwa Haɗeja zai riƙa ganin gero da gyaɗa da riɗi a kan jigawa, ya sauka kaɗan ya tarar da dawa a ƙasa mai nauyi, ya ƙara sauka ya ga shinkafa da giginya. A shekarar ƙarancin ruwa geron jigawa kan jure, alhali na dabaro da fako ya ƙone. A shekarar ruwa mai yawa jigawa ta wanke, yabanya ta yi ja saboda takin ya zurare ƙasa, ƙasa mai nauyi kuma ta yi kyau muddin ruwa bai kwanta mata ba. Masu bincike a tashar ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona na ƙasashen fari, da ke Sadore kusa da Yamai sun auna wannan a cikin gona guda a farkon shekarun 1990, suka ga bambancin tudu na 'yan santimitoci kaɗai yana sauya girman gero, kuma gurbin da ya yi fice a wannan shekara ba lallai shi ne zai yi fice a ta gaba ba. Suka kawo shawarar cewa wannan rashin daidaito na cikin gona yana iya zama kariya ga ƙaramin manomi, domin da wuya dukan gurabun su faɗi a shekara ɗaya.

Ba ruwa kaɗai ake tattarawa ba. Wani dogon bincike na haɗin gwiwar Mali da Holan, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1982, ya nuna cewa a kudancin Sahel, inda ruwa ya haura kimanin milimita 300, ƙarancin sinadaran naitirojin da fosfaras ya fi ƙarancin ruwa tauye ciyawa. Kano da Jigawa suna cikin wannan rukuni, don haka a wurinmu duk abin da ke tara taki wuri ɗaya yana da nauyi daidai da abin da ke tara ruwa. Gawo shi ne misalin da kowa ya sani: yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi, ga shi saiwarsa na ƙara wa ƙasa naitirojin. Tsohon suri da ya rushe yana barin ƙasar da gara ta haƙo daga zurfi. Sabara da kalgo, waɗanda ake sarewa a lokacin sassabe su sake tohowa, suna tare ganye da ƙurar hunturu, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele a Cadi ɗauke da sinadarai, har gindinsu ya zama ɗan tudu mai taushi. Bincike a Sanagal ma ya nuna saiwar sabara tana jawo ruwa daga zurfi da dare ta sake shi a ƙasar sama, geron da ke kusa ya amfana. Gonar da aka share ƙal, ba kututture ba suri, ta fi kyan gani daga bakin hanya, ta fi kuma sauƙin shigar tarakta, amma ta rasa wuraren da taki ke maƙalewa.

Wurin da wannan tsari ya fi ba da mamaki shi ne tuddan marmara na kewayen Yamai. Daga jirgin sama ana ganin dajin a jere, layin itatuwa sannan layin fako, layin itatuwa sannan layin fako, a kan gangarar da ido ba ya ma gane ta, domin galibi ba ta kai mita ɗaya cikin ɗari ba. Babu wanda ya shuka su haka. Fakon yana da ɓawo a sama wanda ruwa ba ya ratsawa, sai ya malala zuwa layin geza da sabara da ke ƙasa da shi, inda ganye da ramukan gara suka buɗe ƙasa, ya nutse. Kowane layi yana shan ruwansa da na fakon da ke bisansa, shi ya sa ake samun kurmi a wurin da ruwan sama kaɗai ba zai riƙe kurmi ba. Masu binciken da suka auna wannan daji sun yi gargaɗin cewa farfasa fakon domin a dasa masa itatuwa yana iya kashe layin da ke ƙasa, tun da an yanke masa hanyar ruwa. A ganina wannan gargaɗi ya cancanci a karanta wa duk wanda aka ba kwangilar dashen itatuwa a arewa, domin yawan tsiron da aka dasa shi ake ƙirgawa a biya kuɗi, ba a tambayar ruwan wa aka tare.

Wannan ba ya nufin kowane fako alheri ne, kuma a nan ne ake buƙatar taka-tsantsan. Akwai fakon da ke shayar da na ƙasa da shi, akwai kuma wanda ya samu ne saboda an sare itace, an kwashe kara, dabbobi sun tattake, iska ta ɗebe ƙasar sama. A ido kamarsu ɗaya. Abin da ke raba su shi ne inda ruwan ke ƙarewa. In ya yi tafiyar mita ashirin ko hamsin ya tarar da ciyawa ko kunya ko gindin itace ya nutse, ba a yi asara ba, an canza masa wuri ne. In kuwa fako ya haɗu da fako har ruwan ya samu hanya miƙaƙƙiya, zai yi ƙarfi, ya fara yankar ƙasa, ya zama kwazazzabo, ya tafi da taki da iri zuwa kogi, kwazazzabon kuma ya riƙa zuƙe laimar gonakin da ke gefensa. Don haka ba yawan tudu da kwari ne abin nema ba. Abin nema shi ne kowane wuri mai zubar da ruwa ya kasance yana da wuri mai kama shi a kusa. Haka nan inda ruwan sama ya wadata, kamar kudancin Kano wajen Doguwa da Tudun Wada da ake samun sama da milimita 1,000, tattarawar ba ta da wannan riba, domin ko'ina ya riga ya samu abin da zai ishe shi, ƙarin da ya gangaro sai ya zama zaizaya a sama da kwanciyar ruwa a ƙasa.

Kwari ma yana da tasa illar in ba shi da mafita. Ruwan da ya taru ya ƙafe a wuri ɗaya yana barin gishirin da ya narko, shekara bayan shekara. A kwarurukan da ke tsakanin rairayin Yusufari a Yobe da ƙasar Manga ta Nijar ana ganin abin zobe-zobe: goruba a gefe, dabino da lambuna a ciki, tsakiya kuma, inda ruwa ya fi kusa, farar kanwa ce da babu abin da ke tsira a kanta.

Mutanen ƙasashen fari sun daɗe da gane cewa in ƙasa ba ta da isasshen tudu da kwari, ana iya yi mata. A hamadar Negeb da ke kudancin Isra'ila, inda ruwan shekara ke wajen milimita 100, mutanen da suka zauna can kusan shekara 2,000 da suka wuce sun yi noman inabi da alkama ta hanyar jawo ruwan gangara zuwa gonakin da suka daddatse a cikin kwari. Masanin tsirrai Michael Evenari da abokan aikinsa sun sake gina irin waɗannan gonaki a Abdat daga 1959, suka ga kowace hekta ta noma tana buƙatar kimanin hekta 20 zuwa 30 na tsuran gangara a bisanta. Kusa da mu, a jihar Tawa ta Nijar, manoman Illela sun karɓi tassa tun ƙarshen shekarun 1980, bayan wasunsu sun ga irinta a Yatenga ta Burkina Faso, yankin da marigayi Yakuba Sawadogo ya yi suna da ita. Rami ne mai faɗin kamar taƙi guda, a tara ƙasarsa ta ɓangaren gangara, a zuba ɗan taki, a bar fakon da ke tsakanin ramuka yadda yake domin shi ne zai kawo ruwan. Da wannan aka mayar da dubban hektocin da aka yanke wa ƙauna gonakin gero da dawa. Aikin gyaran ƙasa na Keita, shi ma a jihar Tawa, wanda aka fara a 1984, ya yi irin haka a kan duwatsu da gangara da jerin duwatsu da ramuka da ƙananan madatsu. Huɗar da muke yi da garma ita ma ƙirƙirar tudu da kwari ce, sai dai amfaninta ya dogara da inda kunya ta fuskanta: wadda ta gitta gangara tana tsare ruwa, wadda ta bi gangara kuwa magudana aka yi wa gona.

In aka ɗaga kai daga gona aka dubi jihohin Kano da Jigawa gaba ɗaya, tsarin bai sauya ba, girma kawai ya ƙara. Kudanci da yammacin Kano suna kan tsohon dutse, ga tsaunukan Riruwai da suka haura mita 1,000, ruwa ya fi yawa can kuma ƙasa ba ta shanye shi duka. Kogin Kano da na Challawa suka kwaso shi suka haɗu kafin Wudil, suka zama kogin Haɗeja. Da ya shiga shimfiɗar yashi da laka ta gabas, inda gangara ta kusa ƙarewa kuma tsofaffin jigayi suka tare masa hanya, sai ya rarrabu ya bazu, ya zama fadamun Haɗeja da Nguru, ya kuma cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin yankin ke sha. Shinkafar Auyo da Guri da Kirikasamma, da kifin, da burgun da shanu ke ci da rani, duk ruwan da ya sauka ne a wani wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya wannan rabo. Sun kawo noman rani a Kadawa da Kura da ruwan sha ga birnin Kano, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma sun rage ambaliyar da fadama ke rayuwa da ita, kuma lissafin da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokansa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa in an haɗa noma da kifi da itace, kowace lita ta fi ba da riba a fadamar fiye da a filin ban ruwa na sama. Akwai wata illar da ba a hango ba. Da can magudanan suna cika da damina su bushe da rani. Da aka koma sako ruwa kusan duk shekara, sai kacala ta samu wurin zama ta toshe su, wasu gonaki suka nutse, wasu suka daina ganin ruwa. Ashe bambancin lokaci, jiƙa da bushewa, shi ma wani ɓangare ne na bambancin ƙasa.

Babbar ribar wannan bambanci ba a shekarar albarka ake ganinta ba. A farin 1973 da na 1984 fadama da gindin duwatsu da itatuwa masu doguwar saiwa su suka riƙe mutane da dabbobi, a ambaliyar 2022 kuwa, wadda ta cinye gonakin kwari daga Ringim zuwa Haɗeja, wanda ke da gero a kan jigawa shi ya samu abin kaiwa rumbu. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano kuma ya shafe shekaru yana bin ƙauyuka irin su Dagaceri a arewa maso gabashin Jigawa, ya nuna cewa rarraba gonaki da haɗa iri daban-daban dabara ce ta zama da ruwan da ba shi da tabbas. Magidancin da ke da 'yar gona a tudu, wata a kwari, wata a bakin fadama, ana iya cewa gado ne ya wargaza masa ƙasa, kuma gaskiya yana ɓata lokaci a hanya, amma ba ya faɗuwa gaba ɗaya. Makiyayi ma haka yake lissafi: ciyawar tudu ta damina ce, fadama ta rani ce, kuma ɗan ƙaramin yankin nan mai laima shi ke yanke yawan shanun da dukan ƙasar za ta iya fitarwa daga bazara da rai. Shi ya sa mayar da fadamu lambunan rani, wanda ya ƙaru sosai tun shirin Fadama na farkon shekarun 1990, ya ƙara abinci da kuɗi a hannun manoma amma ya tsananta rigima a kan burtali da mashaya, domin abin da aka killace ƙanƙane ne a taswira, babba ne a rayuwar garke.

Duk wannan yana da tasiri a kan yadda ake aunawa da yadda ake tsarawa. Tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam suna haɗa kilomita da dama su ba da launi ɗaya, sai korama mai itatuwa ta ɓace cikin dutsen da ke kewaye da ita. Da aka samu hotuna masu kaifi, wani bincike da aka buga a 2020 ya ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, a filin da ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.3, da yawansu a wuraren da taswira ke nunawa babu komai. Shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Kano da Jigawa ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya, ya faro ne da tunanin layi ɗaya miƙaƙƙe na dashe, daga baya aka karkata zuwa gyaran ƙasa gurbi-gurbi, bayan an ga cewa manoman Maraɗi da Damagaram sun rayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5 ta hanyar barin kututture ya toho a inda ya riga ya samu wurin zama. Kututturen da ya rayu shekara talatin ana sare shi ya riga ya nuna inda ruwa yake, abin da ɗan tsiro daga leda bai sani ba.

Wahalar da ta rage ta mallaka ce. Wurin da ke zubar da ruwa da wurin da ke shan sa ba kasafai suke hannun mutum ɗaya ba. Wanda ya yi tassa a fakonsa ya rage abin da ke isa ga tafkin da ƙauye ke shayar da dabbobi. Wanda ya sayar da dutse aka fasa shi don tsakuwar gini ya taɓa laimar gonakin gindinsa. Hanyar mota da aka ɗaga ba tare da isassun kwalbatoci ba takan mayar da gefe ɗaya tafki, ɗayan kuma fako. A tsofaffin gonakin Negeb an rarraba gangarar kanta da ƙananan magudanai, kowace gona da nata yankin da ke kawo mata ruwa, wato an ɗauki tsuran dutse a matsayin dukiya mai iyaka. A wurinmu dagaci da mai unguwa sun san iyakar kowace gona, alƙali ya san yadda ake raba ta a gado, amma ruwan da ke ratsa gonar wani ya shiga ta wani ba ya cikin takardar ciniki, kuma ba a cika kawo maganarsa gaban manya ba sai ranar da ya yi ɓarna.